Sabon Inji, Tsohuwar Giya

Duk wanda ya ɗaga injin motarsa ya sa wani, hirarsa ta farko ƙarfin injin ce. Da wuya ka ji ya ambaci giyabos. Sai ya hau titin Kano zuwa Zariya ya ji injin na ihu kamar zai fashe, mota kuwa ba ta wuce kilomita 100 a awa ba, sannan ya koma gareji yana zargin wanda ya sayar masa da injin.

Fijo 504 ce misalin da na fi sani. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, ya yi ta haɗa ta har shekarun 2000, kuma a 1975 ɗin ne ta ci tseren Safari na Kenya. Da injinan ainihi suka tsufa, direbobinmu suka riƙa dasa mata na wasu motoci, har da na gas. Nan ake tuntuɓe. Injin fetur kan yi juyi 5,500 ko fiye a minti, na gas irin na da kuwa yana sarewa wajen 4,000 zuwa 4,500. Giyar da aka tsara wa na farko ta yi wa na biyu gajarta.

Lissafin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Idan ƙaramin haƙori mai baki 9 yana juya babba mai baki 35, sai ƙaramin ya zaga sau 3.89 kafin babban ya zaga sau ɗaya. Abin da ke cikin akusul na baya ke nan. A giyabos irin na 504, lamba huɗu kai tsaye take, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya na furofela. A ce taya na cin mita 2 a zagaye guda: inji na juyi 3,000, mota na tafiyar kusan kilomita 93 a awa. Sauya haƙoran biyu, babban ya zama mai baki 38, gudun ya sauko 85, amma motar za ta fi jan kaya, direban da ke hawa Hawan Kibo da buhunan masara zai gode maka. Ka samo giyabos mai lamba biyar wadda rabonta 0.8 ne, a wannan juyin dai ka haura 105, inji ya yi shiru, mai ya ragu. Ka sa manyan tayoyi don ado, ka tsawaita dukan giyoyin ba ka sani ba, tashi ya yi nauyi, kuloci ya riƙa ƙonewa, agogon gudu kuma ya fara yi maka ƙarya.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin giya da giya. Masu tsere suna son su matso kusa, don kada juyin inji ya faɗi ƙasa idan an canja. Ga mai haya cikin gari wannan wahala ce, domin yawanci lamba ɗaya ake tsawaitawa, kowane tashi a danja sai an murza kuloci. Ni dai ban ga amfanin kwaikwayon motar tsere ga wanda cunkoson Kano ne tserensa ba.

Neman mai haɗawa shi ne babban aiki. Masu sauke giyabos su ɗora wata 'yar Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba su ƙirguwa. Masu buɗe ta su haɗa daidai kaɗan ne. Ina gane na ƙwarai tun daga tambayarsa: "Alhaji, wace hanya take bi? Kaya take ɗauka ko mutane? Wace taya za ka sa?" Wanda ya yanka maka kuɗi kafin ya yi waɗannan tambayoyi, yi masa sallama cikin mutunci.

Sai ka dubi bencinsa. Ya kamata ka ga agogon auna wasan da ke tsakanin haƙora, da siraran zobban ƙarfe na cike giɓi, da shuɗin fenti da ake shafa wa haƙori a juya a ga inda yake taɓa ɗan'uwansa. Haƙoran akusul biyun nan tare ake goge su tun daga masana'anta, tare ake sauya su. Mai ɗauko babba daga wannan mota, ƙarami daga waccan, kuka ya haɗa maka, kukan da za ka fara ji a kilomita 80. Ka tambaye shi man da zai zuba. Zobban tagulla da ke sa giya shiga ba ƙara sun fi zama lafiya da GL-4, wasu nau'o'in GL-5 na cin tagulla. Ka nemi ya ba ka tsofaffin kayan da ya cire, ka kuma tambayi direbobin tasha wa ke yi musu aiki, domin motarsu a wata guda tana cin hanyar da taka ba ta ci a shekara.

Kafin ka biya kuɗin 'yar Beljiyam, ka sa alli a sandar shiga da ta fita, ka sa kowace giya, ka juya da hannu kana ƙirgawa. Lambar da ke jikin kasko ba ta tabbatar da abin da ke ciki, wataƙila wani ya riga ka buɗe ta a Kwatano.