Unguwar da Katrina ta share: gina gidaje da dawo da mutane a New Orleans

Unguwar Lower Ninth Ward tana gabashin birnin New Orleans a kudancin Amurka, tsakanin kogin Misisipi da wata tsohuwar fadama. Yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi, amma fiye da rabinsu a gidajen kansu suke zaune. Ranar 29 ga Agusta, 2005, guguwar Katrina ta koro ruwan teku cikin mashigin jiragen ruwa da ke yamma da unguwar, katangar kariya ta ɓalle. Ruwan ya tumɓuke gidajen katako daga tushe, har wani ƙaton kwalekwalen dakon kaya ya biyo ɓarakar ya zauna a kan gidaje. Da ruwa ya janye, abin da ya rage a layuka da dama shi ne matakalar siminti ta ƙofar gida, tsaye ita kaɗai cikin taɓo. Kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, amma ba inda ɓarna ta kai ta nan.

Cikas na farko ga masu son komawa daga takarda ya fito. Shirin tallafin gwamnati mai suna Road Home yana biyan mai gida har dala 150,000, sai dai ana duba darajar gidan kafin ambaliya da kuɗin gyaransa, a biya wanda ya fi ƙanƙanta. Gida a unguwar talakawa ba ya da tsada a kasuwa, alhali kuɗin katako da ladan kafinta ɗaya ne ko'ina. Saboda haka wanda ya fi buƙata shi ya fi samun kaɗan, har sai da maganar ta kai kotu. Ga kuma gidajen gado: kaka ya rasu, 'ya'ya da jikoki sun ci gaba da zama, ba wanda ya sauya suna a takardar mallaka. Irin waɗannan iyalai sun sha wahala kafin su tabbatar wa hukuma cewa gidan nasu ne, wasu kuwa suka haƙura suka zauna a Houston ko Atlanta.

A 2007 tauraron fina-finai Brad Pitt ya kafa gidauniyar Make It Right da niyyar gina gidaje 150 masu alkinta muhalli. An gayyato mashahuran masu zanen gini irin su Frank Gehry da Shigeru Ban da David Adjaye. An ɗaga gidajen a kan ginshiƙai don ruwa ya wuce ta ƙasa, an ɗora musu faifan sola, kuma kuɗin wutar masu gidan ya ragu sosai. An kammala 109, aka sayar wa 'yan unguwa da rangwame. Niyyar mai kyau ce, amma New Orleans gari ne na ruwan sama da laima. Wasu gidajen an yi musu shimfiɗaɗɗen rufi marar baki, ba indararo, sai ruwa ya riƙa kwanciya yana tsatsafowa cikin bango. Wani sabon nau'in katako da aka zaɓa don ba shi da sinadarai masu guba ya ruɓe cikin 'yan shekaru. Bango ya yi funfuna, dandamalin ƙofa ya lotsa, aka rushe wasu gidajen. A 2018 masu gidajen suka shigar da ƙara. A 2022 aka sanar da sulhu na dala miliyan 20.5, amma shekara ta zagayo kuɗin bai shiga hannunsu ba. Abin takaicin shi ne mutanen da suka rasa komai sau ɗaya su ne aka yi gwajin sabon gini a kansu, da bashin banki a wuyansu.

Wata unguwa a birnin, Broadmoor, ta bi wata hanya dabam. A Janairun 2006 kwamitin farfaɗo da birnin ya fitar da taswira mai korayen ɗigo a kan wuraren da ake tunanin mayarwa filin shaƙatawa, Broadmoor na ciki. Ƙungiyar unguwar, ƙarƙashin LaToya Cantrell, ta bi gida gida tana ƙidaya wanda ya dawo da wanda ke niyya, ta rubuta nata tsarin, ta sa makarantar firamare da ɗakin karatu a gaba. Mafi yawan gidajen sun sake rayuwa, ita kuma Cantrell ta zama magajiyar gari a 2018.

A Lower Ninth Ward ma aikin da ya fi ɗorewa na 'yan unguwa ne: gyaran tsofaffin gidajen yankin Holy Cross, lambuna a filayen da aka bari, da dashen itatuwa a fadamar Bayou Bienvenue, wadda ruwan gishiri ya kashe bayan an haƙa hanyar jiragen ruwa zuwa teku a shekarun 1960. An toshe wannan hanya a 2009, aka kuma kashe sama da dala biliyan 14 wajen ƙarfafa katangun birnin. Duk da haka unguwar da ke da mutum 14,000 a ƙidayar 2000 ba ta kai 3,000 ba a 2010, kuma shekara ashirin bayan guguwar mazaunanta ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na adadin da ba.