Izinin Ɗaukar Hoto Daban, Izinin Yaɗa Shi Daban

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon mai hoto a Birnin Kudu ko Gwaram ya san allon nan da ake jinginawa a bakin ƙofa: ango cikin babbar riga, ɗalibai ranar saukar Alƙur'ani, jariri ranar suna, amarya ta sha lalle ta sunkuyar da kai. Da shi mai shago yake tallar gwanintarsa. A da, masu wucewa ta layin ne kaɗai suke gani. Yanzu allon ya koma cikin waya, ya hau Facebook da TikTok da WhatsApp, har hoton amaryar da aka ɗauka a ɗakin mahaifiyarta a Basirka ya kwana a wayar wani a Legas ko Jidda, wanda bai ma taɓa jin sunan garin ba. Da wuya ka ji an tambaya ko ita amaryar ta san da wannan.

Yawancin masu hoto ba mugunta ce ke sa su ba. A ganinsu, tunda su suka ɗauka da kamararsu, suka gyara, suka wanke, hoton nasu ne. Shi kuwa wanda ya kira su yana ganin tunda ya biya, magana ta ƙare. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba wannan gardama. Ta bar wa mai hoto mallakar aikinsa, in dai ba a yi wata yarjejeniya ta daban ba. Amma ta ce wanda ya sa aka ɗauki hoto ko bidiyo don sha'anin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a wallafa shi, ko a baje shi, ko a rarraba shi ga jama'a. Wato hoton bikinka ba ya hawa allon talla ko shafin mai hoto idan ka ce a'a, ko da kuwa shi ne mafi kyawun aikin da ya taɓa yi.

Sai kuma babbar dokar, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023: dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Tushenta shi ne sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da saƙonninsa. Hoton da za a iya gane mutum a cikinsa bayani ne game da shi, kamar sunansa da lambar wayarsa. Dokar ta ɗaga ƙafa ga wanda ya ɗauki hoton iyalinsa don amfanin gida. Wanda ya mai da abin sana'a, ko yake yi wa ƙungiya ko kamfani ko ɗan siyasa aiki, wannan rangwame bai shafe shi ba.

Abin da ya fi jan hankalina a dokar shi ne yadda ta fayyace yarda. Dole ta zama mutum ya bayar da ita da son ransa, ya kuma san abin da za a yi da hoton. Shiru ba yarda ba ne, rashin motsi ma ba yarda ba ne. Idan aka yi saɓani, wanda ya ɗauki hoton ne zai kawo hujjar cewa an yarda masa. Kuma mutum yana iya janye yardarsa duk lokacin da ya ga dama.

Wannan batu na shiru shi ne ya fi shafarmu. Mu mutane ne masu kunya da kara. Baƙo ya sauko daga mota da kamara a wuya, dattijo ba zai iya buɗe baki ya ce masa "kada ka ɗauke ni" ba. Matar aure sai dai ta ja gyale ta kau da kai, budurwa ta yi murmushin dole. Mai kamara ya fassara duk wannan da amincewa, alhali duk ɗan garin da ke tsaye a wurin ya san ƙi ne.

Ku dubi ranar rabon tallafi. An jera mutane a rana tun hantsi, an kira sunan wani tsoho, an aza masa buhun shinkafa mai ɗauke da hoton wanda ya bayar. Yaron da ke riƙe da waya ya ce, "Baba, ɗan ɗaga shi sama, ka kallo nan." Baba ya ɗaga, ya kallo. Kafin ya isa gida, surukansa da 'ya'yansa da ke ci-rani sun gan shi a sahun mabuƙata. Wa zai ce wannan tsoho ya yarda? Zaɓin da aka ba shi shi ne hoto da buhu, ko ya koma hannu rabbana. Ita dokar ta tanadi cewa a duba ko an rataya samun wani abu a kan bayar da yardar da ba ta zama dole ba. Na san masu bayar da tallafi suna buƙatar shaidar da za su nuna wa waɗanda suka ba su kuɗin, kuma wannan ba laifi ba ne. Ana iya ɗaukar hoton kayan, ko layin daga baya, ko hannuwa ba fuska, ko a tambayi waɗanda ba su damu ba. Shaidar da aka ajiye a fayil ɗin ofis kuma ba ɗaya take da wadda aka watsa wa duniya ba.

Yara nasu ya fi tsanani. Dokar ta ce idan yaro ne, daga iyaye ko waliyyi ake neman yarda. Jihar Jigawa ma tana da dokarta ta kare yara, wadda Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa wa hannu a ƙarshen 2021. Baƙin da ke zuwa kallon tsofaffin zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa sukan gama da duwatsun su juya kamara kan yaran da suka biyo su. Almajiri da robarsa kuwa ya zama hoton kowa, kamar ba shi da uwa da uba da malami. Yaro zai yi tsalle ya ce a ɗauke shi, don bai san inda hoton zai je ba, bai kuma san zai girma ya tarar da shi ba. A 1984 wani Ba'amurke mai suna Steve McCurry ya ɗauki wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan, mujallar National Geographic ta sa ta a bangonta a Yunin 1985. Duniya ta san fuskarta shekara 17, ita kuwa ba ta ga hoton ba sai a 2002, tana matar aure da 'ya'ya.

A gidan biki kuma akwai wani kuskuren da ya zama ruwan dare. Ango ya biya, amarya ta yarda, sai mai bidiyo ya ɗauka yardar ta game kowa. Ƙawayen amarya da suka cire mayafi suna rawa wurin kamu, da gwaggo da inna da suka saki jiki don sun san taron mata ne, babu wadda aka tambaya. Ba don duniya suka yi rawar ba, kuma an sha jin yadda irin wannan bidiyo ya jawo rigima tsakanin mata da miji, ko ya sa aka fasa neman wata. Haka nan yardar maigida ba ta maye gurbin ta matarsa. A al'ada ana neman izininsa kafin a shigar masa gida, kuma daidai ne, amma fuskar tata ce, ita ma sai an ji ta bakinta. Ba baƙon abu ake koya mana ba. Zaure da sallama da rubutun "ba a shiga" a ƙofar gida duk don kare abin da ido zai gani aka yi su, kuma Suratun Nur da Suratul Hujurat sun yi magana a kan neman izini da barin bin diddigin mutane.

Kada kuma a wuce gona da iri. Ba wanda zai bi mutane ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Sara, ko wurin hawan Sallah a Dutse, ko taron siyasa, yana neman izini. Ɗaukar taro a bainar jama'a daban ne da ware mutum guda a cika hoto da fuskarsa, daban ne kuma da amfani da wannan fuskar wajen tallar kaya ko ɗan takara. 'Yan jarida ma doka ta ba su sarari saboda maslahar jama'a, don kada mai riƙe da muƙami ya fake da sirri ya ɓoye ɓarna. Sai dai ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun gindaya musu mutunta sirrin mutane, sun kuma hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar fyaɗe ko wani laifi.

Asibiti da wurin haɗari su ne inda waya ta fi cin mutunci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne, ko a babban asibitin tarayya na Birnin Kudu ne ko a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma dokar 2023 ta sa halin lafiyar mutum cikin bayanan da ake ƙara tsaurarawa a kansu. Mai neman wa mara lafiya taimako ya tambaye shi tukuna, ya kuma rufe abin da ya kamata a rufe. Bayan gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, hotunan mamata sun yi ta yawo a wayoyi. Mu da babbar hanya ta ratsa garinmu mun san yadda ake yi: mota ta kife, wasu na ciro mutane, wasu na ɗaukar bidiyo. Bai dace uwa ta fara sanin rasuwar ɗanta daga bidiyon da maƙwabciya ta tura mata ba.

Akwai kuma batun ajiya, wanda masu sana'ar ba su cika ɗaukarsa da muhimmanci ba. Hotunan mutane na shekaru suna jibge a kwamfutar shago ba makulli, yaron shago na kwafa, a ba aboki aron memori, waya ta lalace a miƙa wa mai gyara da komai a ciki. Mutanen Kano ba su manta da 2007 ba, lokacin da wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya fita, ya girgiza masana'antar fim har aka dakatar da shirya finafinai na watanni. Wancan lokacin ta Bluetooth ake turawa. Yau ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba. Hoto ma zarar bunu ne, kamar magana.

Shawarata ga 'yan'uwa masu hoto ba ta da tsada. Tun wurin cinikin aiki a yi tambaya biyu: me za a ɗauka, me kuma aka yarda in nuna? A faɗi wurin da sunansa, allon shago ne ko Facebook. Wanda ba ya karatu, a ɗauki muryarsa yana faɗin abin da ya amince da shi, a ajiye. A taron mata a nemi mace ta riƙe kamara, in da hali. A sa wa kwamfuta makulli, a yi yarjejeniyar lokacin da za a goge. In mutum ya dawo ya ce a cire, a cire ba tare da ɓacin rai ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 2 ga ƙananan masu sarrafa bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara idan ya fi haka yawa. Zuwa yanzu manyan kamfanoni aka fi jin hukumar ta kama, amma a gari irin namu, kafin tara ta zo, matan unguwa sun daina kiranka biki.

Wanda kuma ya ga hotonsa inda bai yarda ba, ya fara ajiye shaida: ya ɗauki hoton shafin da sunan mai shi da kwanan wata, kafin a goge. Sannan ya nemi a cire, da baki ko a rubuce. In an ƙi, ga mai unguwa da dagaci da shugabannin masu sana'ar, waɗanda sau da yawa sulhunsu ya fi sauri. Facebook da TikTok suna da wurin kai ƙara, a sa 'yan'uwa su taya kaiwa. Ana iya rubuta koke ga hukumar NDPC, ana kuma iya zuwa kotu neman diyya. Idan kuwa abin ya kai ga hoton tsiraici, ko wani yana barazanar zai saki hoto sai an ba shi kuɗi, wannan ya shiga ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Kada a biya shi, kada a goge saƙonninsa, a sanar da wani babba a gida, a tafi da wayar ofishin 'yan sanda.