Sifirulina da Garin Ganye: Daga Wane Ruwa Aka Ɗebo?

A ƙasar Kanem, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna a tsakanin tuddan rairayi waɗanda kanwa ta yi wa ruwansu yawa. Saman ruwan kore ne shar, mai kauri. Matan Kanembu sukan shiga su yaɗo wannan koren, su zuba shi a faffaɗan ramuka marasa zurfi da suka share a cikin rairayi. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta busar da abin da ya rage, sai a ɓaɓɓalle shi gutsure-gutsure a kai kasuwa. Sunansa dihe a wajensu, kuma miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. Irin wannan dihe shi ne abin da ake sayarwa yau a manyan kantunan Turai da Amurka, har ma da Abuja da Kano, cikin roba mai ƙyalli da sunan Spirulina a jikinta.

Masanan Turai sun makara kafin su san da shi. Wani Bafaranshe masanin tsirran ruwa, Pierre Dangeard, ya yi bayaninsa a 1940, amma ba a mai da hankali ba sai a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Jean Léonard, ɗan ƙasar Beljiyam, ya ga dihe a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. A can Meziko kuwa, mutanen Aztek suna ɗibar irinsa daga Tafkin Texcoco tun kafin zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16, kuma a wannan tafkin ne aka soma noma shi don kasuwa a shekarun 1970. Yanzu ana noma shi a kwatami-kwatami na musamman a Sin da Indiya, da jihohin Kalifoniya da Hawai na Amurka.

Ido yakan ɗauki sifirulina a matsayin gansakuka, amma a ilimin halittu ba tsiro ba ce. Tana cikin dangin bakteriya masu sarrafa hasken rana su yi abinci, waɗanda ake kira sayanobakteriya. A madubin likita siririn zare ce mai murɗe-murɗe. Tana son zafi, tana son ruwan kanwa mai ƙarfi wanda yawancin halittun ruwa ba sa iya zama a ciki. Wannan ɗabi'a tata ita ce garkuwarta, kuma a kanta ne maganar lafiyarta ta rataya, kamar yadda za mu gani.

Shi kuwa garin ganye da ake tallatawa a intanet haɗi ne. Ana busar da alayyafo da kabeji da tsiron alkama da na sha'ir, wani lokaci da zogale, a niƙa su tare da sifirulina da wata halittar ruwa mai suna kulorela, a ƙara sinadarin zaƙi da na ƙamshi, a ce ka dama cokali ɗaya a ruwa kowace safiya. Busar da ganye a daka ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ake miyar kuka da ta lalo. Abin da yake baƙo shi ne tsadar da kuma alkawuran: wanke jini, ƙarin kuzari, rage ƙiba, ƙarfin garkuwar jiki, duk a cokali guda.

Bari mu auna abin da ke cikin cokalin. Gaskiya ne busasshiyar sifirulina tana da furotin mai yawa, kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na nauyinta, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin busasshen wake. Sai dai mutum yakan ci wake da kwano, sifirulina kuwa giram 1 zuwa 3 yawancin mutane ke sha a rana. Giram 3 zai ba ka furotin kimanin giram 2, alhali ƙwan kaza ɗaya yana ba da kimanin giram 6. Haka yake ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini: a ƙiyasin ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na ɗauke da kimanin miligiram 28, ke nan giram 3 bai kai miligiram 1 ba, macen da ke cikin shekarun haihuwa kuma tana bukatar wajen miligiram 18 a rana. Batun bitamin B12 ya fi waɗannan damuna, domin ana buga shi ɓaro-ɓaro a jikin roba. Mafi yawan B12 da ke cikin sifirulina mai kama da shi ne kawai, jikin ɗan'adam ba ya iya amfani da shi. Wanda ba ya cin nama da ƙwai da nono, ya dogara da sifirulina don wannan bitamin, zai iya wayar gari da ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi yana zaton ya tsare kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana. Cokalin garin ganye yakan kai giram 10 ko kusa da haka, kuma harzar da ke cikinsa, wadda ke gyara ciki ta hana bushewar bayan gida, 'yar kaɗan ce. Kwanon kwaɗon zogale ko na rama ya fi shi nesa ba kusa ba. Ban ce garin ba shi da amfani ko kaɗan ba. Matafiyi, ko mazaunin wurin da ɗanyen ganye ke wuya, zai iya ƙaruwa da shi. An kuma yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna sifirulina na iya ɗan rage kitsen jini da hawan jini, sai dai yawancinsu mutane kaɗan aka gwada na ɗan gajeren lokaci, kuma ba hujja ba ce ta ajiye maganin da likita ya rubuta.

Yanzu ga babbar tambaya: shin tana da illa? Sifirulina tsantsa, wadda ba ta gauraya da komai ba, tana da kyakkyawar shaida. A 2011 wani kwamitin masana na USP, cibiyar da ke tsara ma'aunin ingancin magunguna a Amurka, ya duba rahotannin da aka tara a kanta ya sanya ta a ajin abubuwan da ba su bukatar gargaɗi na musamman. Matsalar tana cikin kalmar tsantsa ɗin nan.

A dangin sayanobakteriya akwai masu dafi. Fitacciya a cikinsu ita ce Microcystis, wadda ke yaɗuwa a tafkuna da madatsun ruwa idan zafi ya yi yawa kuma takin zamani ko ƙazanta ya gangara cikin ruwan. Tana fitar da guba mai suna maikirosistin wadda ke kai wa hanta hari kai tsaye. Tafasawa ba ta kashe wannan guba, busarwa ma ba ta kashe ta, ba ta kuma da wari ko ɗanɗanon da zai tona ta a cikin garin da dama can kore ne. Duniya ta ga ƙarfinta a 1996 a garin Caruaru na ƙasar Burazil, inda aka yi wa masu ciwon ƙoda wankin jini da ruwan da ya gurɓace da ita, mutum fiye da 50 suka mutu. Can gubar ta shiga jini ne kai tsaye, abin da ya bambanta da haɗiya ta baki, amma ta baki ma tana cin hanta sannu a hankali idan ana sha kullum.

Idan kanwar ruwan da ake noman sifirulina ta tsaya da ƙarfinta, masu dafin nan ba sa samun wurin zama sosai. Idan aka yi sakaci, ruwan sama ko na rafi ya tsinka kanwar, sai su kutsa su girma tare da ita, a yaɗe su tare, a busar da su tare. Haɗarin ya fi yawa a kan wata 'yar'uwarta da ake ɗiba daga buɗaɗɗen tafki, Tafkin Klamath na jihar Oregon, wadda ake zubawa a wasu garin ganye da sunan AFA ko Klamath. Saboda ita ne hukumomin Oregon suka kafa iyaka a 1997: kada maikirosistin ta wuce maikirogiram 1 a kowane giram na kayan. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Wannan iyaka tana da lissafi a bayanta, kuma iyaye ya kamata su san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa abin da jiki zai iya jurewa a kullum shi ne maikirogiram 0.04 a kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 60 ke nan yana da maikirogiram 2.4, wato giram 2 na kayan da ke daidai kan iyakar Oregon bai wuce ƙa'ida ba. Yaro mai kilo 15 kuwa rabonsa 0.6 ne kacal, giram ɗaya ma ya ɗara. An tsara iyakar ne da babba a zuciya, don haka uwar da ke dama wa yaronta cokalin da take sha tana ba shi ninkin abin da jikinsa zai ɗauka, idan kayan ba mai tsabta ba ne.

Guba ta biyu ƙarafa ne. Sifirulina tana zuƙar abin da ke cikin ruwanta kamar soso, mai kyau da marar kyau. Idan akwai dalma ko zaiba ko asinik a ruwan ko a takin da aka ciyar da ita, za su taru a jikinta. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan ƙarfe. Abin da kan shiga garin ganye bai kai ko kusa da wancan ba, amma dalma ba ta da wani adadi da aka tabbatar ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro, kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Akwai kuma ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu shiga ganyen da aka shanya a ƙasa ko aka wanke da ruwa marar kyau. Ganyen miya yana shan wuta, garin da ake damawa a ruwan sanyi ba ya shan ta.

Ko da kayan ya tsarkaka, akwai waɗanda bai dace da su ba. A 2017 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta shawarci masu saurin borin jini da masu matsalar hanta ko tsoka su guji sifirulina, haka ma masu wata cuta ta gado da ake kira PKU, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa wani sashe na furotin. Likitoci sukan ja kunnen masu cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta, irin su lufus, domin sifirulina tana iya zaburar da garkuwar. Mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, ya kiyayi garin ganye gaba ɗaya sai da sanin likitansa, saboda bitamin K da ke cike da koren ganye yana rage ƙarfin maganin. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su ma su fara tambaya a asibiti kafin su buɗe roba.

To ta yaya mai saye zai gane na kirki? Kada ya ɗauka cewa zuwan kaya daga waje shaida ce. A Amurka, bisa dokar 1994, mai yin irin wannan kaya ba ya bukatar amincewar hukumar abinci da magunguna kafin ya kai shi kasuwa. Shi ya sa tambarin masu gwaji masu zaman kansu, irin su USP da NSF, yake da daraja: yana nufin wani da ba mai kayan ba ya auna abin da ke ciki. Kamfanin da ya yarda da kansa yakan faɗi ƙasar da aka noma sifirulinar, ya kuma ba da takardar gwajin kowane rukuni da ya fitar, mai nuna adadin maikirosistin da dalma. Wanda aka nemi wannan takarda ya shiga kame-kame, a bar masa kayansa. A Nijeriya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma a sani cewa lambar ba ta nufin hukumar ta tabbatar da alkawuran warkarwa da ke jikin kwalin. A kuma lura da masu jera sunaye talatin ko arba'in a ƙarƙashin nauyi guda ɗaya, ba tare da faɗin rabon kowanne ba. Idan aka raba giram 10 ga abubuwa arba'in, yawancinsu ƙura ce kawai aka barbaɗa don sunan ya fito. Garin da aka ƙulla a farar leda ba suna ba adireshi kuwa, babu wata hanyar sanin ruwan da ya fito.

Su matan Kanem, matsalar dihensu ta fi karkata ga rairayi da ƙazantar da ke shiga wajen shanya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin Tarayyar Turai, ta yi aiki da su a ƙarshen shekarun 2000 don gyara tacewa da busarwa, kuma a Burkina Faso, a yankin Kudugu, ana noma sifirulina a kwatami don ƙarawa a abincin yara. Wannan aiki ne mai kyau, amma a nan ma akwai iyaka da nake so ta fito fili. Yaron da tamowa ta kama sosai, ƙafafunsa suka kumbura ko ya rame har ƙashi ya fito, kuzari yake bukata da magani, kuma 'yan giram na sifirulina ba su da kuzarin a-zo-a-gani. Abin da ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005 shi ne haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin da ake rabawa a cibiyoyin tamowa, tare da kulawar ma'aikatan lafiya. Irin wannan yaro cibiyar za a kai shi a ranar da aka lura da shi.