Mai Jego da Takalmin Gudu

A watan Janairun 2019, ana tsakiyar sanyi a Birtaniya, wata likitar dabbobi mai suna Jasmin Paris ta shiga tseren da ake kira Spine Race. Tafiya ce ta kusan kilomita 430 a kan tsaunuka da fadamu, daga Edale a Ingila har Kirk Yetholm a ƙasar Sukotland. Agogon wannan tsere ba ya tsayawa don dare ya yi, wanda duk ya kwanta barci lokacinsa yake ci. Jasmin ta gama cikin awa 83 da minti 12. Ta riga kowa, maza da mata, ta kuma zabtare fiye da awa 12 daga lokaci mafi sauri da aka taɓa yi. Amma ba wannan ne ya fi ɗaukar hankalin jaridu ba. A wuraren yada zango, yayin da abokan tserenta ke sauya safa suna kurɓar shayi, ita tatsar nono take yi, domin 'yarta mai wata 14 ba a yaye ta ba, kuma nonon da aka bari ya taru yana iya kumbura ya jawo zazzaɓi.

'Yan watanni kafin nan, a 2018, wani hoto ya zaga duniya daga tseren UTMB da ake yi a kewayen tsaunin Mont Blanc. Wata 'yar Ingila ce, Sophie Power, zaune a zango tana shayar da ɗanta mai wata 3, kusa da ita wani ɗan tsere ya baje a ƙasa ya ɗaga ƙafafu sama don gajiya. Ba son burgewa ne ya kai ta ba. A baya ta taɓa rasa gurbinta a wannan tsere saboda tana da ciki, kuma a lokacin ba a ɗage wa mace gurbi don juna biyu. Hoton ya tayar da ƙura. Zuwa 2023, UTMB da gudun fanfalaki na Boston duk sun yarda mai ciki ko mai jego ta ɗage shigarta zuwa wata shekara.

Uwa mai gudu ba sabon abu ba ce. A gasar Olamfik ta Landan ta 1948, Fanny Blankers-Koen ta ƙasar Holan ta ci zinare huɗu tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu, bayan an yi ta yi mata gorin ta koma gida ta yi raino. Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, ta dawo ta ci zinaren mita 1,500 a Tokiyo da Paris, ƙari a kan wanda ta ci a Riyo tun kafin haihuwar.

Irin waɗannan labarai suna da daɗin ji, suna kuma da tarko. Mai karatu sai ya ɗauka gwaninta ita ce saurin komawa fili. Paula Radcliffe ta Ingila ta ci gudun fanfalaki na New York a Nuwamban 2007, wata 10 bayan ta haifi 'yarta, kuma wannan kowa yake faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta koma gudu ba a ko cika mako biyu da haihuwar ba, ta samu tsagewar ƙashi a gindin bayanta, dole ta ajiye takalmi ta yi jinya. Kipyegon kuwa sai da ta shekara kafin ta sake shiga gasa. Kuma waɗannan mata ne da ke da koci da likita a gefensu. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce malamar makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai sana'a a cikin gida, wadda ta haifi na biyu ko na huɗu, take son ta daina haki in ta hau bene, watakila kuma wata rana ta ɗaura lamba a ƙirji ta shiga tseren kilomita 5 ko 10.

Ga irin wannan mace, maganar daga ƙasan mara take farawa. Akwai wasu tsokoki shimfiɗe a gindin ƙugu kamar faifai, su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Wata tara suna ɗauke da nauyin ciki, ranar haihuwa kuma su miƙe har ninki biyu ko fiye na tsawonsu don kan jariri ya wuce. Gudu kuwa tsalle ne daga ƙafa zuwa ƙafa, kowane taku yana dukan jiki da ƙarfin da ya kai kimanin ninki biyu na nauyin mutum. In tsokokin nan ba su farfaɗo ba, sai a ga fitsari yana tsiyaya in an yi tari ko atishawa ko tsalle, ko mace ta ji nauyi a gabanta kamar wani abu zai faɗo. Kusan mace ɗaya cikin uku na gamuwa da tsiyayar nan bayan haihuwa, mafi yawa kuma shiru suke yi don kunya. Ya kamata a bambance ta da cutar yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke jawowa, wadda fitsari ke zuba dare da rana ba tsayawa, kuma sai an yi ɗinki a asibiti. Ita wannan ta rauni ce, atisaye yakan gyara ta: mace ta matse gabanta da bayanta kamar mai riƙe fitsari da iska, ta ƙirga daƙiƙa 5 zuwa 10, ta saki gaba ɗaya, ta maimaita sau 10, sau uku a rana. Tana iya yi tana shayarwa, ba wanda zai sani.

Wadda aka yi wa tiyata ba ta tsira ba. Nauyin cikin wata tara ta ɗauka ita ma, ga kuma yanka. Fata takan haɗe da wuri, amma a mako na shida naman bangon ciki bai wuce kusan rabin ƙarfinsa na dā ba.

A watan Maris na 2019, wasu likitocin gashin ƙashi uku, Tom Goom da Gráinne Donnelly da Emma Brockwell, suka fitar da ƙa'idojin komawa gudu bayan haihuwa, waɗanda yanzu ake dogaro da su a ƙasashe da dama. Matsayarsu ita ce kada a fara gudu kafin a cika wata uku, kuma ko an cika, sai jiki ya ci jarrabawa. A ƙasar Hausa, mai jego in ta yi arba'in ta gama wanka, sai a ce ta fita. A asibiti ma, duba na mako shida ne ake ɗauka a matsayin sallama. Duka biyun sun yi daidai da fita unguwa da komawa aiki, amma ga gudu rabin hanya aka ci. Al'adar jego tana da abin yabo a nan, don ta ba mace hutun da mata da yawa a Turai ke nema ba su samu ba. Inda ta gaza shi ne zaman wuri ɗaya. Tattaki a tsakar gida tun makonnin farko, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, shi ne tubalin duk abin da zai biyo baya.

Jarrabawar ba ta buƙatar ko sisi. Mace ta yi tafiyar minti 30 ba tsayawa. Ta tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10. Ta durƙusa ta miƙe a kan ƙafa ɗaya sau 10, ta sauya. Ta yi sassarfa a wuri ɗaya na minti guda, ta yi ɗan tsalle da ƙafa ɗaya sau 10 kowane ɓangare. In duk ta yi ba fitsari, ba jini, ba nauyi a gaba, ba ciwo, to bismillah. In ɗaya ya bayyana, sai ta ci gaba da tattaki da matse mara, ta kuma nemi a duba ta.

Daga nan sai tsarin da ya fi kowane shahara a wajen masu farawa, wato Couch to 5K, wanda ke ɗaukar mutum daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5. Wani Ba'amurke, Josh Clark, ya tsara shi a 1996, kuma mahaifiyarsa ya so ya jawo cikin harkar gudu. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta rungume shi daga baya. Mako tara ne, fita uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko za a yi tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta juyawa har minti 20. Mai kallo daga gefe zai ce wasa ake yi. Sai a mako na tara zai ga mace ta yi rabin awa tana gudu ba ta tsaya ba. Dalilin wannan jan ƙafa shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa, ƙashi da jijiyoyi kuwa a hankali suke biyo baya, shi ya sa wadda ta ji numfashi ya zauna ta ƙara wuta takan ƙare da ciwon ƙwauri ko gwiwa. Ma'aunin sauri shi ne magana: in ba za ta iya ba abokiyar gudunta labari ba sai da yankewar numfashi, ta yi yawa. Makon da yaro ya kwana yana kukan haƙori, babu laifi a maimaita darasin makon jiya.

Tambayar da uwar miji za ta fara yi ita ce ta nono. Gudu matsakaici ba ya rage shi, ba ya ɓata shi. Abin da ke jawo matsala shi ne a haɗa gudu da ƙin cin abinci don neman ramewa. Shayarwa kaɗai tana cin kimanin kalori 500 a rana, tana kuma jan sinadarin kalsiyam daga ƙashin uwa na ɗan lokaci. Don haka a ci a ƙoshi, a sha ruwa, a ba yaro nono kafin a fita don ƙirji ya yi sauƙi, a kuma nemi rigar mama mai kama jiki sosai. Wannan rigar ta fi takalmi mai tsada muhimmanci. Ga kuma batun jini: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace mai jiri da bugun ƙirji in ta ɗan motsa, awon jini take buƙata kafin atisaye.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi arewacin Najeriya kai tsaye. Ciwon raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko na jego ya fi yawa a wannan yanki fiye da kusan ko'ina a duniya. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun ɗora zargi a kan yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi, binciken baya-bayan nan a Kano kuma ya ƙara da ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci. Alamunsa su ne haki ko a zaune, kasa kwanciya rigingine, tarin dare, da kumburin ƙafa. Wannan ba kasala ba ce da gudu zai kora. Asibiti za a tafi, ranar nan.

Sai babbar matsala, wadda babu likitan da zai rubuta mata magani: wa zai riƙe yaro? Jasmin Paris kafin gari ya waye take atisayenta, sauran mutanen gida suna barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da mai jego su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wanda bai kai minti 25 a rana ba, amma ko shi sai an samu wanda zai ce "je ki, ina nan". Mijin da ya karɓi jariri na rabin awa bayan sallar asuba ya yi wa matarsa abin da ya fi sayen injin gudu. A ƙasashen da ake yin parkrun, wato gudun kilomita 5 kyauta kowace safiyar Asabar, wanda mutum 13 suka fara a wani lambu a Landan a 2004, iyaye kan zo suna tura yara a keken jarirai. Shi ma sai yaro ya kai aƙalla wata shida, wuyansa ya tsaya. Gudu da goyo a baya kuwa babu shi a lissafi.

Sutura ba ta hana. Rahaf Khatib, uwar 'ya'ya uku a jihar Michigan, ta fito da hijabinta a bangon mujallar Women's Running a 2016, ta kuma yi gudun Boston a shekarar da ta biyo. Doguwar riga mara nauyi da wando da ɗankwalin da ba ya riƙe gumi sun wadatar. Abin da ya fi wuya shi ne idon jama'a da neman wuri, shi ya sa mata kan haɗa kai su uku ko huɗu su nemi filin makaranta ko harabar filin wasa da sassafe, kafin ranar bazara ta buɗe. In ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma gara ta bari ta lafa.

Wadda ta kai rabin awa tana gudu za ta iya fara duban gasa. Gudun fanfalaki na Legas, da aka fara a 2016 kuma akan yi a watan Fabrairu, yana da rukunin kilomita 10 ban da cikakkiyar kilomita 42. Akwai tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, mai hawa da gangara, akwai kuma Lagos Women Run na mata zalla. Kaduna ma ta shirya nata a Nuwamban 2020. Daga kilomita 5 zuwa 10 akan ɗauki mako takwas zuwa goma: fita uku a mako, biyu gajeru, ɗaya doguwa a ƙarshen mako, ana ƙara mata abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba kowane mako, da kwana biyu na ƙarfafa cinya da ƙugu da mara. Makon ƙarshe a rage nisa sosai don ƙafa ta huta. Ranar gasar ba a saka sabon takalmi, ba a gwada sabon abinci. Mai shayarwa kuma ta lissafa tun daga barin gida har dawowa, ba lokacin gudun kaɗai ba, don jiran tashi da cunkoson hanya sukan mayar da tseren awa ɗaya da rabi ya zama rabin yini, sai ta tatsa ta ajiye wa mai raino abin da zai isa.