Motocin Da Fim Ya Hana Su Mutuwa

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee na jihar Florida a Amurka, aka turo wata koriyar mota gaban masu gwanjo. Fentinta ya koɗe, jikinta duk tsatsa, irin wadda ko ɗan gwangwan sai ya yi ciniki kafin ya ɗauka. Da aka buga guduma, an saye ta dala miliyan 3.74. Ita ce Ford Mustang ƙirar 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, inda ya bi wata baƙar Dodge Charger kusan minti 10 a kan tudun San Francisco, babu kiɗa, sai rurin inji da kukan taya.

Labarin motar ma kansa fim ne. A 1974 wani magidanci a New Jersey ya saye ta dala 6,000, matarsa malamar makaranta ta riƙa zuwa aiki da ita. A 1977 McQueen ya rubuto wasiƙa yana roƙon a sayar masa, mai ita ya ƙi. Da kulocinta ya lalace aka jingine ta a gareji, duniya ba ta sake ganinta ba sai 2018.

Mota da fim kusan sa'annin juna ne. Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus a 1886, 'yan'uwan nan Lumière kuma suka haska fim ga masu biyan kuɗi a Paris a 1895. Da Ford ya fito da Model T a 1908, ya ƙera sama da miliyan 15 zuwa 1927, sai mota ta yi araha har masu barkwanci irin su Laurel da Hardy suka riƙa ragargaza ta don 'yan kallo su yi dariya. A lokacin, mota kayan wasa ce kawai a hannun darakta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka zama jarumai da sunansu ita ce Aston Martin DB5, a fim ɗin James Bond mai suna Goldfinger na 1964. Masu fim suka ɗora mata bindigogi a gaba, garkuwar harsashi a baya, lamba mai juyawa, da kujerar da ke cilla fasinja ta rufi in an danna maɓalli. Duk adadin da kamfanin ya ƙera a Ingila kaɗan ya haura 1,000, amma ɗan kwaikwayonta na wasan yara da kamfanin Corgi ya fitar a 1965 ya shiga miliyoyin gidaje. An sace ɗaya daga cikin na fim ɗin a wani filin jirgin sama a Florida a 1997, wata kuma da aka yi don tallan fim ɗin Bond mai suna Thunderball ta kai dala miliyan 6.4 a gwanjon 2019. An canza ɗan wasan Bond sau da yawa, amma motar tana nan har fim ɗin 2021.

DeLorean kuwa matacciya ce fim ya tayar. An ƙera kimanin 9,000 kusa da Belfast, jikinta farin ƙarfe marar fenti, ƙofofinta na buɗewa sama kamar fukafukai, sai dai inji ba ƙarfi, kasuwa ta ƙi, kamfanin ya durƙushe a 1982. Bayan shekara uku fim ɗin Back to the Future ya mai da ita na'urar tafiya cikin zamani, in ta kai gudun mil 88 a awa. Motar da aka rasa masu saye, yau ita ake nema ruwa a jallo.

Sirrin abin a fili yake. Kafin jarumi ya buɗe baki, motarsa ta riga ta faɗa wa ɗan kallo arzikinsa, halinsa da zamaninsa. Shi ya sa mai shirya fim ɗin tarihi ke hayar tsofaffin motoci daga masu adana su, don mota ɗaya ta zamani a bayan jarumi ta isa ta tona asirin duk wahalar da aka sha.

Mu ma muna da tamu. Fijo 504 da ta bi James Bond a guje a fim ɗin For Your Eyes Only na 1981, irinta aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Ta ɗauki gwamna, ta ɗauki amarya, ta yi jigila daga tasha zuwa tasha. Yau 'yan gwangwan ke yanka ta suna awo a sikeli. Duk ranar da Kannywood za ta shirya labarin zamanin Shagari, sai ta nemi wannan mota ido rufe. Saboda haka mai tsohuwar Fijo a bayan gida, ya share mata ƙura, ya sa mata rumfa.