Daga Maƙerar Gaya Zuwa Cikin Rana: Abubuwan Mamaki Game da Haske

Tarihin Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga Gaya suka taso neman tama. Har gobe maƙeri a Gaya ko Ajingi ba ya neman ma'aunin zafi, launi yake karantawa. Yaro na ta zuga-zugi, shi kuwa ya zuba wa ƙarfe ido: ya yi ja mai duhu a wajen digiri 600, ya koma ruwan lemo, ya yi ruwan ɗorawa a wajen digiri 1,000, daga nan sai fari. Kafin ya kai nan, an riga an ciro shi da awartaki an ɗora a uwar maƙera.

Wannan sauyin launi ya hana masanan Turai barci shekara da shekaru, domin lissafinsu ya ƙi dacewa da abin da suke aunawa. Sai ranar 14 ga Disamba, 1900, Max Planck ya gabatar da mafita a Balin ta Jamus: abu mai zafi ba ya sakin makamashi kamar kwararar ruwa, ƙwaya-ƙwaya yake fitar da shi kamar gero. Ƙwayar shuɗin haske ta fi ta ja ƙarfi, shi ya sa sai wuta ta ci sosai ƙarfe ke yin fari. Planck kansa ya daɗe bai saki jiki da ra'ayin ba. A ganina duk malamin da zai koyar da wannan darasi a Ajingi, ya fara kai ɗalibai maƙera kafin ya taɓa alli.

A 1905 Albert Einstein ya ƙara gaba. Haska farantin tutiya da jan haske komai yawansa, ilektiron ko ɗaya ba zai fita ba. Amma ɗan hasken da ke gaba da shunayya, wanda ido ba ya gani, nan take zai fizge su. Einstein ya ce shi kansa haske ƙwaya-ƙwaya ne, kuma ƙwayar jan haske ba ta da ƙarfin fizge ilektiron. Wannan bayani ne ya ba shi kyautar Nobel ta 1921. Farantin sola da ke kan rumfar mai cajin waya da irin waɗannan ƙwayoyi yake aiki, kowace ta tunkuɗa ilektiron guda.

Hasken da ke sauka a kan farantin kuwa ya yi tafiyar minti 8 da daƙiƙa 20 daga rana, yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa.

Miya ta taɓa tafasa ta zubo a kan wutar gas? Harshen wutar kan bar shuɗi ya koma ruwan ɗorawa. Sodiyam ɗin gishiri da kanwa ne. Jan ƙarfe kore yake bayarwa. Kowane sinadari da launukansa, kuma Niels Bohr ya bayyana dalili a 1913: ilektiron na da matakai ƙayyadaddu a cikin ƙwayar zarra, idan ya sauko daga wani zuwa wani sai ya saki haske daidai da tazarar. Da irin wannan shaida aka hango heliyam a cikin hasken rana a 1868, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895, a hannun William Ramsay.

Tun kafin waɗannan duka, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen 965, shi ya kafa hujja a Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Kafin shi, manyan masana da yawa sun ɗauka ido ne ke harba haske.

A 1800 William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen ja inda babu komai a ido, sai ma'aunin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske jikinka ma na fitar da shi dare da rana. Rimot ɗin talabijin ma da irinsa yake aiki: ɗauke shi, ka saita bakinsa ga kyamarar waya ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan ƙwan yana ƙyaftawa da launin shunayya, alhali idonka bai ga komai ba.