Sayen Mota: Ado Za A Duba, Ko Ranar Sayarwa?

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Da can a kan doki da saniya da tufa a ke kawo wannan magana, amma yau ban san abin da ta fi dacewa da shi kamar mota ba. Gama in ka ɗebe gida, babu abin da akawu ko malamin makaranta zai saya a rayuwarsa wanda ya kai mota cin kuɗi. Wani adashe ya yi shekara da shekaru, wani bashi ya ci ana yankan albashinsa wata-wata, wani kuwa gonar gado ya sayar ya cika. Duk da haka ran da za a yi cinikin sai ka ga mutum ya manta da wahalar da ya sha wajen tara kuɗin, ya tsaya yana shafa kujera, yana danna maɓalli gilashi na hawa yana sauka, dillali na gefe yana zuga shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani hedimasta, abokina tun muna kwalejin horon malamai. Ya sami bashin mota, ya ce in raka shi wurin dillalai. Muka tarar da motoci biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko irin wadda ta cika gari ce, kujerunta na yadi, ba ta da wani abin nunawa. Ta biyu kuwa, ba zan faɗi sunanta ba, kai ka ce ɗakin amarya: kujerun fata, rufi mai buɗewa, allo a gaba mai nuna abin da ke baya, har da wata na'ura mai ɗumama kujera. Na ce masa, "Malam, mu da mu ke neman inuwa cikin watan Afrilu, me za mu yi da kujera mai ɗumi?" Ya yi dariya, ya ce ni dai ban san daɗin duniya ba. Ya biya ta biyu.

Shekara ɗaya da rabi ya sha daɗinta, ba na musu. Ran nan sai wata fitila ta kama a gabansa, giya ta ƙi shiga. Bakaniken garinsu ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ce wannan aikin ƙwaƙwalwar mota ne, sai birni. Aka ja ta zuwa birni, aka ce abin da ya mutu sai an aiko da shi daga waje. Ta yi wata biyu a gindin darbejiya kaji na kwana ƙarƙashinta. Ba a daɗe da gyara ta ba uwargidansa ta kwanta, likita ya ce sai an yi aiki. Ya sa mota a kasuwa, ta yi wata uku ba wanda ya yi tayin kirki, daga bisani ya sallama a ƙasa da rabin abin da ya saya. Waccan da ya raina kuwa wani akawun ƙaramar hukuma ya ɗauke ta, har yau dillalai na tare shi a hanya suna tambaya ko zai sayar.

To, jama'a, me ya kawo wannan bambanci? Ba mai mota ke yanka wa motarsa kuɗi ran sayarwa ba, mai saye na biyu ke yankawa. Shi kuwa mai saye na biyu galibi bai kai ka ƙarfi ba, ya kuma fi ka tsoro, gama abin da ya tara ke nan ba shi da wani. Ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa ya ke zuwa. Bakanike kuwa bai damu da kujerar fata ba. Abin da ya ke so ya sani, yaya shan manta, ana samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ko kuwa sai an aika Legas, kuma in ta tsaya a daji yaronsa zai iya tashinta. In amsar ta gamshe shi ya ƙifta wa maigidansa ido a taya. In ba ta gamshe shi ba, ko da zinariya aka yi sitiyarinta sai ya ja shi su wuce.

Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan cinikin tsofaffin motoci a 1970, yana kuwa cikin aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye ya kan rage tayi don tsoron abin da ke ɓoye. Ni kuma in ƙara da nawa: gwargwadon yawan na'urorin da ke cikin mota, gwargwadon yawan wuraren da aibi zai ɓuya. Kowane maɓalli yana da waya a bayansa, kowace waya tana zuwa ga wani ɗan inji, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga gargadar hanyar burji tana girgiza su kullum. Rufin nan mai buɗewa, in robarsa ta bushe, damina na sauka ruwa zai sauko maka a ka. Abin da ka biya a matsayin ƙari ran saye, shi ne mai saye na biyu zai lissafa a matsayin wahala. Kakanninmu da suka san doki ba su taɓa sayensa don jalala da ɗan kai ba, baki su kan buɗe su dubi haƙori, su ɗaga kofato.

Tarihin motoci a ƙasar nan ya isa shaida. Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, ba don ado ta yi suna ba. Samfurin 404 ya ci tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyi masu kama da namu, sa'an nan 504 ta ci a 1975. A wannan shekara ta 1975 aka fara haɗa 504 a Kaduna, ta zama motar gwamnati, motar haya, motar malami in ya sami hali. Ba garin da za ka shiga ka rasa mai gyaranta, don haka mai ita ya kan kwana da sanin cewa kuɗinsa na ajiye a ƙofar gida. Haka Toyota Corolla, wadda aka fara yi a 1966, ya zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Motar da ta yi yawa haka, kayan gyaranta sababbi da na kwance ba su yankewa, masu nemanta ma ba su yankewa. Yawan nan da mai son a san shi ya ke ƙi, ya ce ba ya son motar da kowa ke da ita, shi ne ainihin abin da ke riƙe mata daraja.

Bari mu yi lissafi irin na allo, misali ne kurum, ba farashin kasuwa ba. A ce motoci biyu, kowace naira miliyan 10. Bayan shekara 4 aka sayar da ta farko miliyan 7, ta biyu miliyan 4. Watau mai ta farko ya yi hasarar miliyan 3 cikin wata 48, ya kama naira 62,500 kowane wata. Mai ta biyu ya yi hasarar miliyan 6, naira 125,000 ke nan a wata. Bambancin da ke tsakaninsu, naira 62,500, ya kusa mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, watau naira 70,000. Hayar kujerar fata da rufi mai buɗewa ke nan wata-wata, ban da mai, ban da gyara. Ba a ganinta a takardar albashi, shi ya sa ba ta da zafi, sai ran sallama ta faɗo gaba ɗaya.

Sai dai akwai wani ruɗi da ya kamata a yi hattara da shi. Sau da yawa na ji ana cewa mota ba ta faɗuwa a ƙasar nan, wane ya saya kaza a 2021 ya sayar da riba a 2024. Ba motar ce ta tashi ba, naira ce ta faɗi. A watan Mayu 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500, motocinmu kuwa galibi daga waje a ke kawo su. Wanda ya ke son ya san ko ya ci riba, sai ya ɗauki kuɗin da aka ba shi ya koma wurin dillalai ya ga ko za su saya masa irin wadda ya rabu da ita, mai shekarun da ta ke da su ran da ya saye ta. A nan ne za a ga wadda ta bi kasuwa da wadda aka bari a baya.

Kada kuma a ɗauka darajar mota abu ne da aka rubuta a dutse. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin da sitiyarinsu ke dama suka zama baƙi a kan hanyar da aka saye su dominta. Fijo kanta, bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sa sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai motocin hannu da a ke shigowa da su ta Kwatano suka cika kasuwa, na Japan suka karɓe mata fage. Na kusa-kusa shi ne janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Nan da nan tambayar farko a bakin mai saye ta zama, "Fulogi nawa ce?" Mai fulogi huɗu ta sami masoya, mai shida da mai takwas suka yi kwantai. Saboda haka ba suna kaɗai za a bi ba, a dubi dalilin da ya sa a ke son sunan, a ga ko dalilin zai daɗe.

Yanzu kuma in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, kada a ce na zo da wa'azin rowa. Motar da ke riƙe daraja tun ran saye ta ke da tsada, dillali ya san abin da ya ke riƙe da shi. Kuɗin da zai saya maka ita mai shekara goma sha biyar, watakila ya saya maka wata mai shekara goma. In mutum ya tabbata shi ba mai sayarwa ba ne, zai hau ta har ta zama ta 'yan gwangwan, kuma yana zaune inda akwai mai gyaranta, to maganar ranar sayarwa ba ta dame shi ƙwarai ba. Amma mai albashi nawa ne zai iya rantsuwa ba zai sayar ba? Ga kuɗin makarantar yara, ga auren 'ya, ga ciwo, ga jiran garatuti bayan an ajiye aiki. Mu motarmu rumbu ce ta biyu, rumbu kuwa amfaninsa a buɗe shi ran da a ke bukata, ba bayan wata uku ba.

Haka nan ba kowane ƙari ne ado ba. Bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa kamfanin Volvo a 1959, da farko ai baƙon abu ne, yau ba mai hankalin da zai kira shi ƙyale-ƙyale. Jakar iska da ke fitowa in an yi karo, da birkin da ba ya kulle taya in an taka shi da ƙarfi, duk suna cikin wannan sahu. Ba a auna su da abin da dillali zai biya, gama iyalinka za ka ɗauka. Ni da aikina ya ke na zagaya makarantun ƙauye, na ƙara da tsayin mota daga ƙasa da ƙarfin ƙafafunta, don na ga abin da kwazazzabo ke yi wa motar da cikinta ke jan ƙasa. Na'urar sanyaya ɗaki ma ba na ƙinta, ita ce ƙari guda da na ga mai saye na biyu yana tambaya da bakinsa, muddin tana aiki. Amma ƙafafun ado da manyan lasifikoki da mutum ya ke ƙarawa daga baya, ban taɓa ganin wanda ya mai da ko rabin kuɗinsu ba. Fentin asali da cikakkun takardun kwastan sun fi su duka nauyi ran ciniki.

Ga wata dabara da wani tsohon direba ya koya mini, ba ta cin ko kwabo. In ka ga motar da ranka ya so, kada ka biya ran nan. Je wurin wani dillali dabam, ka ce kana da irinta wadda ta girme ta da shekara huɗu kana son sayarwa, nawa zai taya, kuma kwana nawa za ta yi a hannunsa. Ka yi haka wuri biyu ko uku, sa'an nan ka biya wurin bakaniken garin da a ke iya yi maka canjin aiki zuwa can, ba na birni ba, ka faɗa masa sunanta ka dubi fuskarsa.

Na faɗa wa abokina wannan tun ran da muka je, ya ce yamma ta yi, wani zai riga shi. Uwargidansa ta warke, alhamdu lillahi. Shi kuwa a babur ya ke zuwa makaranta yanzu, kuma da muka haɗu makon jiya ya ce saura wata goma sha ɗaya a gama yankan bashin motar daga albashinsa.